Surukina da Tsadar Wuƙa

Sai da na shekara biyu da auren 'yarsa kafin na san surukina yana tara wuƙaƙe. Ba ɓoyewa yake yi ba, ni ne dai ban taɓa wuce zaurensa ba. Malamin firamare ne ni, an turo ni wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure a farkon shekarun dubu biyu, na yi aure a nan, na kuma sami 'yar gona a bakin kanal ina taɓa noman rani. Abin da ke tsakanina da shi gaisuwa ce kawai. In tuɓe takalmi tun daga nesa, in durƙusa, in ce, "Baba, barka da hutawa." Ya ce, "Malam, ya ɗalibai?" Daga nan sai kowa ya yi ta kallon ƙasa, har in ga ya kamata in tashi.

Dattijo ne dogo, siriri, marar son magana. Ya daɗe yana aikin buɗe ruwa da rufewa a kanal kafin ya ajiye ya koma gonarsa, shinkafa da damina, alkama ko tumatir da rani. Ba mahauci ba ne, ba mafarauci ba, ba kuma ɗan tauri ba. In ka gan shi da carbinsa a gindin darbejiya, ba za ka taɓa kawo masa zancen wuƙa ba.

Wata Babbar Salla ce ta tona mini. Shekarar ce na fara yin layya da gumina, don haka na sayi sabuwar wuƙa a kasuwar Kura, irin 'yan wajen nan masu ƙyalli da ƙotar roba. Liman ya yanka mini da tasa, na kai ragon gida na rataye, na fara fiɗa. Ban kai rabi ba ƙotar ta zare, ta bar ni da roba a hannu, ƙarfen na lilo a jikin fata. Matata ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ce in je wurin Baba in aro.

"Ni? In je aron wuƙa gidan surukai ranar Salla?"

"To zauna, ƙuda su riga ka."

Na wanke hannu na fita, ina tafe ina tsara yadda zan faɗa. Da ya ji abin da ke tafe da ni, sai ya ɗago kai ya dube ni sosai, abin da bai taɓa yi ba.

"Ta fiɗa kake so, ko ta yankan nama, ko ta sarar ƙashi?"

Na ce kowacce ma. Ya girgiza kai kamar na faɗi abin kunya, ya miƙe, ya ce in biyo shi.

A ɗakinsa ya janyo wata tsohuwar adaka daga ƙarƙashin gado. Da ya buɗe, ƙanshin fata da man keken ɗinki ya bugi hancina. Wuƙaƙe ne jere, kowacce naɗe a tsumma, sun fi talatin. Ya riƙa warwarewa ɗaya bayan ɗaya yana ɗorawa kan tabarma. Wannan ta wani baduku ce, ga bakinta kamar jinjirin wata. Wannan askar wanzami ce da ya saya hannun magada. Waccan mai ƙotar ƙaho wani Bafulatani ne ya sayar masa, shekarar da aka fara sako ruwa ta kanal ɗinmu. Ya nuna mini yadda ake bambance ƙirar Bida da ta Kano, da yadda ake ƙwanƙwasa ƙarfe da farce a saurari amonsa. Mutumin da ban taɓa jin ya yi doguwar magana ba, ya yi ta zuba har aka kira Azahar. Ragona na can rataye.

Da na koma gida matata ta ce, "Na manta ban gargaɗe ka ba. Karɓa ake yi a fito, ba a tambayarsa asalinta."

Ni kuwa abin ya shiga raina. Daga ranar muka sami abin magana, ni da shi. Ranar Juma'a da la'asar yakan fito da adakar ya goge su, ni kuma sai in ƙirƙiro dalilin biyawa ta gidan.

Ƙa'idarsa ɗaya ce: wuƙa ɗaya duk girbi. In ya sayar da amfani, sai ya fitar da zakka, ya ware abincin gida da kuɗin taki, abin da ya rage a ƙasan aljihu shi yake kira kuɗin ƙarfe. A da, in ji shi, da abin da bai kai rabin buhun shinkafa shanshera ba sai ka sami wuƙa ta gani ta faɗa, har da kube mai ado. Surukata ba ta taɓa hana shi ba. Takan ce wani mijin tattabaru ne, wani siyasa, nata kuwa ƙarfe, ba ya cin hatsi, ba ya jawo faɗa.

Da yake ina da babur, sai na zama mai kai shi. Fitarmu ta farko wurin wani tsohon maƙeri muka je, ta hanyar Madobi, wanda kusan rabin abin da ke adakar daga hannunsa ya fito. Muka same shi shi kaɗai a maƙera, yana zuga da hannu ɗaya, yana juya ƙarfe da ɗayan. Suka gaisa irin ta tsofaffin abokai, da tsokana. Baba ya faɗi irin wadda yake so, 'yar madaidaiciya, da zoben tagulla a wuya. Maƙerin ya faɗi kuɗi. Baba ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne.

"Wallahi ba wasa nake ba," in ji maƙerin. "Ƙarfen sifirin ɗin motar da nake ƙira da shi, da kyauta makanikai ke ba ni. Yanzu 'yan gwangwan sun bi gari gari da sikeli, ko ƙusa ba sa bari, a loda a tirela a yi kudu da shi. Gawayin ƙirya sai na aika nesa. 'Ya'yana sun tafi birni acaɓa. Kwana uku zan yi a kan wuƙarka. A kwana ukun nan lauje nawa zan ƙera?"

Baba ya ce a cire tagullar. Ya ce kuben ma a bari, zai sa a ɗinka daga baya. Da haka kuɗin ya isa. A hanya yana bayana a kan babur, da muka hau gadar kanal sai ya ce, "Gaskiya ya faɗa."

Da muka koma bayan girbin shinkafa, maƙerin ya ce ya daina wuƙar ado gaba ɗaya. Masu sayenta dama ba su wuce mutum uku ba, biyu kuma sun rasu.

Wannan ya sa muka fara shiga birni. Mukan bar babur a Kura mu hau motar haya, mu sauka mu taka zuwa kasuwar Kurmi, inda wani Alhaji yake da rumfar tsofaffin kaya, takubba da tandu da tasoshin tagulla, ga wuƙaƙe rataye a igiya. A nan Baba ya ga wadda ta hana shi sukuni. Wuƙar damtse ce irin ta Buzaye, mai zoben fata da ake zura hannu a ciki. Kuben jar fata ne da koriya, ya sha hannu har ya yi duhu, ƙotar kuwa baƙin itace ce da aka naɗe da zaren azurfa. Ya zare ta a hankali, ya juya ta a haske, ya ƙwanƙwasa, ya kai kunne.

"Alhaji, nawa?"

Alhaji ya faɗa. Ya kai kuɗin buhu ɗaya da rabi na shanshera, abin da ke aljihun Baba kuwa bai cika na buhu ba. Aka yi ciniki, aka yi ciniki, Alhaji na ta cewa albarka. Baba ya mayar da ita kube, ya ce, "Sai an yanke alkama, in muna da rai."

Aka yanke alkama, ta kuma yi kyau. Baba ya haɗa abin da ya ajiye wancan karon da na yanzu, muka koma yana ta fara'a, har ya sayi rake a tasha ya ce in kai gida. Wuƙar na nan inda muka bar ta, sai dai kuɗinta ya kusa ninkawa.

"Haba Alhaji, a 'yan watannin nan?"

Alhaji ba mugu ba ne, na kuma ga ya ji nauyi. Ya zaro wayar hannu daga aljihu, lokacin ba kowa ke da ita ba, ya ce, "Baba, wannan ce ta ɓata mana ciniki, ni da kai. Da sai mai so ya tako ya zo. Yanzu daga Abuja za a bugo, daga Legas, a ce a tara duk wata tsohuwa. Masu kawo mini daga Nijar su ma sun ji labari, sun ɗaga. Ga kuɗin mai kullum gaba yake yi. In na sayar maka a tsohon kuɗi, ba zan iya mayar da irinta ba."

"Su masu bugowar, me suke yi da su?"

"A bango suke ratayewa. Otal, falon manya. Wasu a fita da su waje."

Baba ya jinjina kai. Ya nemi izini ya sake zare ta, ya daɗe yana kallo, ya mayar. Ranar ko 'yar ƙarama bai saya ba, ko da yake kuɗinsa ya isa. Ya ce in ya taɓa kuɗin, ya ƙara nisa da ita ke nan.

Ranin da ya biyo baya tumatir ya shuka, kamar yadda kowa ya shuka. Aka yi ta kai kaya kasuwar Kwanar Gafan har kwando ya fi abin da ke cikinsa daraja. Da idona na ga manoma suna juyewa a bakin titi don kada su biya kuɗin motar komawa. Baba ya yanka nasa ya shanya ya yi kauɗa. Kuɗin ƙarfen da ya daɗe yana tarawa ya tafi a taki da gyaran katangar da damina ta kayar. Bai yi ƙorafi ba. Amma na lura ya rage buɗe adakar, in na kawo zancen wuƙa sai ya kawo na ruwa.

Abin ya tsaya mini a rai. Mutum ne da bai taɓa nema wa kansa komai ba. Ba ya shan taba, goro sai an ba shi, babbar rigarsa ta fita guda biyu ce. Abu ɗaya tak yake so a duniya bayan iyalinsa, shi ma yana ji yana gani ana janye masa shi.

Ni albasa na yi a shekarar, na ajiye ta har ta yi kuɗi. Sai wata dabara ta zo mini, wadda a lokacin na ɗauka hikima ce. Ba zan iya miƙa wa surukina kuɗi in ce ya sayi abin sha'awa ba, ba zai karɓa ba, ni ma bakina ba zai iya ba. In na sayo na kawo masa kuma, kamar na nuna masa gazawarsa ne. Don haka wata Asabar na shiga birni ni kaɗai, na ba Alhaji fiye da rabin kuɗin wuƙar, muka ƙulla cewa in Baba ya zo a faɗa masa ragowar a matsayin kuɗinta. Matata kaɗai na gaya wa. Ta dube ni ta ce, "Ka san Baba kuwa?" Na ce ta bar ni da shi.

Bayan girbin shinkafa na lallaɓa shi muka tafi, na ce littattafai zan saya. Muka biya ta rumfar kamar don gaisuwa. Alhaji ya sauko da wuƙar da kansa, ya ce, "Baba, ta gaji da jiranka. Kasuwa ta yi sanyi, ka tafi da ita kawai." Ya faɗi kuɗin da ko na ranar farko bai kai ba.

Baba ya riƙe ta bai zare ba. Ya dubi Alhaji, ya dubi kayan da ke rataye, sannan ya tambayi kuɗin wata 'yar wuƙa da ke gefe, wadda ko ƙafar wannan ba ta kama ba. Alhaji ya faɗa bai yi tunani ba, sai ga shi ƙaramar ta fi tsada.

"Alhaji, tun da nake zuwa nan ban ga abin da ya sauka ba, ko allura. Wa ya biya?"

Alhaji ya fara kame-kame. Ni kuwa na duƙufa kallon wani tandu kamar shi na zo saye. Baba ya juyo.

"Malam."

"Na'am, Baba."

"Albasar ce?"

Na durƙusa nan cikin rumfa, mutane na wucewa. Na ce ya yi haƙuri, ban yi don raini ba.

"Na sani. Allah ya yi maka albarka. Amma ɗakinku na yoyo, na gani da idona. Ga iyalinka da tsohon ciki. In na kai wannan gida, duk ranar da na buɗe adaka kwanon rufinku zan gani. Ni da abin da ya ragu nake saye, Malam. In bai ragu ba, to ba tawa ba ce."

Ya miƙa wa Alhaji wuƙar da hannu biyu, ya kuma tsaya har sai da aka mayar mini da kuɗina.

A mota na kasa ɗaga kai. Sai da muka haye gadar Tamburawa na ji yana dariya ƙasa ƙasa. Ya ce, "Kai da Alhaji ba ku iya ƙarya ba. Da kaɗan kuka rage, ai da na faɗa tarkon." Na yi ta danne tawa dariyar, ta ƙi dannuwa.

Abin da ban zata ba, wannan ranar ce ta ƙara wa Baba daraja a idon Alhaji. Dama ya lura in Baba ya ɗauki wuƙa yakan faɗi inda aka ƙera ta, wani lokacin har ya gyara masa. Bayan 'yan makonni ya bugo mini waya, don lokacin ni ma na yi tawa, ya ce an kawo masa kaya buhu guda daga arewa, yana roƙon Baba ya zo ya duba masa. Muka je. Aka shimfiɗa wa Baba buzu a cikin rumfa, aka kawo fura, aka zube wuƙaƙe gabansa sun fi na adakarsa yawa. Ban taɓa ganin fuskarsa ta yi haske haka ba. Ya ware su kashi kashi. Wannan tsohuwa ce ta gaske. Wannan bara aka ƙera ta, aka binne a danshi don ta yi tsatsa, dubi bakin, inji ne ya wasa ta. Wannan kuma ƙarfen tsoho ne, ƙotar ce sabuwa.

Daga nan ya zama duk wata ɗaya ko biyu sai an kira shi. Alhaji na biyan kuɗin mota, yakan kuma cusa masa wani abu a aljihu, Baba ya riƙe na motar ya mayar da sauran. Maƙwabtan rumfar ma suka fara kawo nasu. Da bakinsa ya gaya mini cewa a ɗan tsakanin nan ya riƙe wuƙaƙen da bai riƙe ba tun da aka haife shi.

Sai dai akwai ɗaci a ciki, shi ya kuma fara ganewa. Wata rana muna fitowa daga kasuwar ya ce, "Malam, ka lura? Duk wadda na ce tsohuwa ce, kafin mu kai bakin titi an ƙara mata kuɗi. Da bakina nake nesanta su da irina."

Na ce to ya daina mana.

"In na daina, a sayar wa mutane ƙarya da kuɗin gaskiya. Sannan kuma…" Bai ƙarasa ba. Na san ragowar. In ya daina, a ina zai ƙara ganin su?

Alhaji ya taɓa taya adakar gaba ɗaya, kuɗin da zai sayi sabon injin ban ruwa har da canji. Baba ya ce zai yi shawara. Bai sake tayar da zancen ba, Alhaji ma bai sake ba.

A gida kuwa sai ya sauya hanya. Ya fara bin mahauta da masu tsire da masu yankan kuɓewa, yana sayen wuƙaƙen da suka cinye, waɗanda wasawa ta mayar kamar tsinke. Da kuɗin goro ake ba shi, wasu ma kyauta, ana mamakinsa. Sai ya goge, ya shafa mai, ya tambayi mai ita shekara nawa ta yi a hannunsa, wa ya ƙera ta. Surukata ta ce yanzu kam ya zama ɗan gwangwan. Ya ce ai gara ya riga su.

Muna rumfar ranar da aka sayi wuƙar damtsen. Wani mutum ne ya shigo da shadda mai maiƙo, waya biyu a hannu, ya ce ofishin maigidansa ake ƙawatawa. Ya riƙa nuna kaya da makullin mota, wancan takobin, waccan tasar, da wannan. Bai zare ta ba, bai kuma yi ciniki ba. Alhaji ya saci kallon Baba, sannan ya miƙa hannu zai sa ta a leda.

Baba ya ce, "Kawo." Ya ciro wani farin tsumma daga aljihu, ya zare wuƙar, ya goge ta ciki da bai, ya mayar, ya naɗe ta tsaf. Sannan ya ce wa mutumin, "Ɗana, ka gaya wa mai ita kada a rataye ta inda rana ke bugu, fatar za ta tsage. Duk wata uku a zare ta a shafa mata mai kaɗan, ba man gyaɗa ba, yana danƙo. In damina ta yi, kada a bar ta ta daɗe a kube."

Mutumin ya ce, "To, Baba, to," waya na kunnensa. Ya haɗa ta da sauran ya fita.

Haushi ya kama ni. Baba kuwa ya koma kan buzunsa ya ci gaba da ware kayan da aka zube masa. Ya gama, muka yi sallar Azahar, muka kama hanya.

Da muka ɗauki babur a Kura rana ta fara sanyi. Maimakon gida, ya ce in bi ta gonarsa, ranar layinsu ne ke da ruwa, kuma bai yarda da wanda ya bar wa aikin ba. Muka tarar ruwa ya ɓalle ta wata kunya yana malala cikin gonar maƙwabci. Ya tuɓe babbar riga ya ba ni, ya naɗe wando, ya ɗauki fartanya a bukka ya shiga. Na ajiye rigar kan babur na bi shi. Muka toshe, muka juya ruwan cikin alkama, ba wanda ya yi magana sai "kawo ƙasa nan", "danna can". Da muka fito, taɓo har gwiwa, muka zauna bakin kanal muna wanke ƙafa. Sai ya ce, bai ko dube ni ba:

"Ka san akwai 'yar tsaga a jikinta, dab da ƙota? Tun ranar farko na gani."

Na ce ban lura ba.

"Ba wanda ya lura. Ko Alhaji." Ya ɗebi ruwa ya watsa a fuska. "Duk da haka, da na samu da na saya."

Muka tashi, don kada magariba ta riske mu a hanya.